Me ya sa hular saiwa ba ta ƙarewa duk da gogar ƙasa?

Wani malamin bayoloji a makarantar sakandare ya aiko da tambaya mai rassa biyu. Ya ce littafi ya nuna cewa a ƙarshen kowace saiwa akwai wata 'yar hula da ke kare ta, kuma hular tana zaizayewa yayin da saiwar ke kutsawa cikin ƙasa. To me ya hana ta ƙarewa? Na biyu, ya yanko can tsinin saiwar albasa ya sa a maikuroskof don ɗalibai su ga ƙwayoyin halitta suna rabuwa, sai ba a ga komai ba illa wasu manyan ƙwayoyi a warwatse. Ina kuskuren yake?

Malam, tambayoyin nan biyu tushensu ɗaya. Ƙwayoyin da ke cikin hular saiwa yau ba su za ka tarar ba nan da 'yan kwanaki. Ta ciki ana haifar sababbi, ta waje ana zubar da tsofaffi, kuma ayyukan biyu a ɗaure suke da juna, shi ya sa girman hular yake tsayawa wuri ɗaya. Wurin haihuwar kuwa yana bayan hular, daidai inda ta manne da jikin saiwa. Abin da ka yanko ka ɗora a gilashi, ƙwayoyi ne da suka gama aikinsu suna shirin faɗuwa, kuma irin waɗannan sun daɗe da daina rabuwa.

Masara ta fi albasa sauƙin fahimtar da wannan, don haka mu fara da ita. Ka jiƙa ƙwayar masara, ka naɗe ta a cikin takarda mai danshi, ka jingine naɗin a tsaye. Bayan kwana biyu zuwa uku saiwar farko za ta kai santimita biyu zuwa huɗu. Ka ɗaga ta ga haske da gilashin ƙara girma na hannu. A can ƙarshe za ka ga wani ɗan tsini mai ɗan sheƙi, tsawonsa bai wuce kamar rabin milimita ba, da wani siririn layi da ya raba shi da sauran saiwar. Hular ke nan. Idan ka taɓa ta da allura za ka ji santsi, har ka ga ɗigon yauƙi kamar na kuɓewa ya maƙale a bakin. Tana da sashe biyu. Akwai na tsakiya, inda ƙwayoyi suke jere layi-layi kamar tubalin gini, shi ake kira ginshiƙi ko kolumela. Akwai kuma na gefe, wanda ya hau jikin saiwar ya lulluɓe wurin rabuwar ƙwayoyi kamar yadda hula ke sauka har kan kunne. A masara da gero da dawa da shinkafa, hular tana da nata layin iyayen ƙwayoyi daban, ba ta haɗa iyaye da sauran saiwar ba. Wannan ne ya sa iyakarta ta fito sarai, har ana iya ɓalle ta ɗungurungum ba tare da an ji wa abin da ke bayanta ciwo ba.

Yanzu mu bi ƙwayar halitta ɗaya ta hular daga haihuwa zuwa faɗuwa. Uwar ƙwaya tana zaune a layin da ya fi kusa da jikin saiwa. Idan ta rabu, sabon bangon yana kwanciya ne a gicciye, wato ɗiya ɗaya tana ciki, ɗaya tana waje. Ta cikin ita ke gadon kujerar uwa, za ta sake rabuwa. Ta wajen kuwa an tura ta gaba da taki ɗaya. Da uwar ta sake haihuwa, sai a ƙara tura ta. Ba tafiya take yi da kanta ba, na bayanta ne ke ingiza ta, kuma a kowane mataki aikinta yana sauyawa.

A tsakiyar ginshiƙi ƙwayar takan girma ta tara dunƙule-dunƙulen sitaci masu nauyi. Waɗannan dunƙulen suna nitsewa zuwa duk ɓangaren ƙwayar da ke fuskantar ƙasa, kamar tsakuwa a cikin kwalbar ruwa. Idan aka kwantar da saiwa, cikin 'yan mintoci sai su gangaro zuwa sabon ƙasan, kuma ta haka ne saiwa ke sanin ina ne ƙasa. Daga nan sai a karkatar da sinadarin girma mai suna oksin zuwa gefen da ke ƙasa, ya bi ta gefen hular ya koma baya zuwa wurin da ƙwayoyi ke miƙewa. A saiwa, yawan oksin rage miƙewa yake yi. Gefen ƙasa ya rage gudu, gefen sama ya ci gaba, sai saiwar ta lanƙwasa ta nufi ƙasa. Masana tsirrai Haberlandt da Němec ne suka kawo bayanin dunƙulen sitacin nan a 1900, kowa da nasa binciken.

Da ƙwayar ta kusa fita waje, sai ta narkar da sitacin, ta koma masana'antar yauƙi. Tana ta fitar da shi ta bangonta har ya lulluɓe tsinin saiwar. A layin ƙarshe, wasu sinadarai sukan narkar da ƙaron da ya manne bangonta da na maƙwabta, wanda ake kira fektin, sai ta saki. Duk tafiyar nan kwanaki kaɗan ce.

To ina iyayen suke samun ikon ci gaba da haihuwa ba su tsufa ba? A nan ne abin ya fi ban sha'awa. A shekarun 1950, Lionel Clowes na Jami'ar Oxford ya ba saiwoyin masara sinadarin da ƙwaya ke amfani da shi wajen kwafar DNA, wanda aka yi wa alama da za ta fito a hoto. Duk ƙwayar da ke shirin rabuwa sai ta sha alamar. Abin mamaki, a daidai tsakiyar wurin da kowa ke zaton nan ne rabuwa ta fi zafi, sai ya tarar da wani gungu da kusan bai sha komai ba. Ya sa masa suna cibiya mai natsuwa. Da ya auna lokaci, ya samu cewa iyayen ƙwayoyin hula suna rabuwa kusan duk sa'a 12, su ne mafi sauri a duk tsinin saiwar, alhali ƙwayoyin cibiyar, da ke manne da su bango da bango, sai sun yi sama da sa'a 170, kusan mako guda. A masara ƙwayoyin cibiyar ɗaruruwa ne. A wani ɗan ƙaramin tsiro dangin kabeji mai suna Arabidopsis, wanda masu bincike suka fi amfani da shi saboda saiwarsa siririya ce ana ganin cikinta, guda huɗu ne kacal a saiwa ƙarama.

Cibiyar nan aiki biyu take yi wa hula. Na farko, ita ke hana iyayen da ke jikinta girma su zama ƙwayoyin aiki. A Utrecht ta ƙasar Holan, a ɗakin binciken Ben Scheres, an yi amfani da hasken leza a shekarun 1990 aka kashe ƙwayar cibiya ɗaya tak. Uwar ginshiƙin da ke manne da ita sai ta daina zama uwa, ta fara tara sitaci kamar 'ya'yanta. Daga baya aka gano umarnin gado mai suna WOX5, wanda ke aiki a cikin cibiyar, shi ke ɗauke da babban kaso na wannan saƙo. Saƙon gajeren zango ne, ƙwayar da ke taɓa cibiya kawai yake riƙewa. Shi ya sa ɗiyar da aka tura taki ɗaya take fita daga ƙarƙashinsa ta kama hanyar girma. Wasu umarnai biyu, FEZ da SOMBRERO, suna ja-in-ja a nan: na farko yana ingiza rabuwar da ke samar da sabon layi, na biyu yana taka masa burki a cikin 'ya'yan yana tura su ga balaga. Aiki na biyu na cibiyar shi ne zama rumbun ajiya. Tun da ba ta yawan kwafar DNA, abubuwan da ke lalata ƙwayoyi masu saurin rabuwa ba su cika yi mata illa ba. Idan iyayen hula suka mutu, sai ta farka ta haifi wasu.

Saura babbar tambayar: ta yaya na ciki suke sanin yawan abin da aka zubar a waje? Da a ce haihuwa tana tafiya da gudunta ita kaɗai, da hular saiwar da ke cikin ruwa, wadda ba abin da ke gogarta, ta yi ta tsawo, ta cikin tsakuwa kuma ta ƙare. Ba haka ake gani ba.

Martha Hawes ta Jami'ar Arizona a Amurka ta daɗe tana aiki a kan ƙwayoyin da hula ke saki. Dā ana ɗaukar su matattun tarkace. Ita ta nuna cewa a tsirrai da yawa da ransu suke fita, ta kuma sa musu suna ƙwayoyin iyaka. Kowane irin tsiro da adadinsa: tsinin saiwar wake irin na Turai, wato fis, yana tara dubu uku zuwa huɗu, na auduga ya fi haka yawa. Idan adadin ya cika kuma ƙwayoyin suna nan manne a tsinin, rabuwa a cikin iyayen hular takan kusan tsayawa, duk da cewa sauran saiwar tana ci gaba da girma. Da an wanke su da ruwa, cikin kamar minti 15 rabuwa ta farka a wurin, kuma cikin kwana ɗaya an mayar da cikakken adadi. Wato ƙwayoyin da ke waje suna fitar da wani abu da ke ce wa na ciki su dakata, idan an kawar da su sai burkin ya saki.

A Arabidopsis an ɗauki hoton saiwa mai rai sa'o'i da yawa a jere. Wasu masu bincike a Oslo sun ba da rahoto a 2018 cewa layin waje na hular yana ɓarewa ne gaba ɗaya, kusan duk sa'a 18, kuma kowace ɓarewa tana tafiya tare da haihuwar sabon layi a ciki. Sun gano ɗan ƙaramin furotin mai suna IDL1 da makarɓinsa HSL2 suna daidaita wannan zagaye. A shekarar dai, wasu a Umeå ta ƙasar Suwidin suka nuna hannun oksin a ciki: yana da yawa a kusa da cibiya, yana raguwa layi bayan layi zuwa waje, kuma layin da ya isa inda oksin ya yi ƙasa sosai shi ke sakin jiki ya ɓare. Ka ga ke nan ƙwaya tana gane matsayinta ne daga yawan oksin da ke kewaye da ita. Sabon layi a ciki yana tura na waje zuwa inda zai ɓare, ɓarewar kuma tana buɗe wa sabuwar haihuwa hanya.

Gefen hular nasa salon daban ne. Ƙwayoyinsa da suka hau jikin saiwa, idan suka kai daidai inda saiwar ta fara miƙewa da sauri, ba za su iya bin gudun ba. A Arabidopsis a nan suke kashe kansu bisa tsari, su narkar da abin cikinsu, kamar yadda aka nuna a Ghent ta Beljiyam a 2014, kuma SOMBRERO ɗin nan ne ke ba da umarnin. Mutuwar tana zuwa ne rukuni-rukuni, kuma kowane rukuni yana sakar wa jikin saiwa oksin ɗin da ya tara. Inda wannan oksin ya sauka, nan ne ake ɗiga alamar wurin da reshen saiwa zai iya fitowa daga baya. Ina ganin wannan na cikin abubuwan da ya kamata a riƙa gaya wa ɗalibai, domin yana kawar da tunanin cewa zubar ƙwayoyin hula asara ce kawai.

Waɗanda suka fita da rai ma ba zaman banza suke yi ba. Su da yauƙin suna rage gogayya tsakanin saiwa da ƙasa. An auna a masara cewa saiwar da aka cire wa hula tana shan wahalar kutsawa fiye da mai hula. Yauƙin yana ɗauke da zaren DNA da furotin da ke kama ƙwayoyin cuta da fumfuna kamar tarko. Shi ya sa sau da yawa za ka ga cuta ta kama saiwa a bayan tsini amma tsinin kansa fari tas. In kana son ɗalibai su gan su, ka tsirar da waken gida a kan takarda mai danshi wadda ba ruwa kwance a kanta, domin ruwa yana wanke su tun kafin ka duba. Ka tsoma tsinin saiwar a ɗigon ruwa ɗaya a kan gilashi, ka jira minti ɗaya zuwa biyu. Yauƙin zai kumbura, ƙwayoyin su watsu kamar hayaƙi a kewayen tsinin. Ƙaramin ƙarfin maikuroskof ya isa.

Akwai gwajin da ke nuna sabuntawar ƙarara, kuma kayan aikinsa reza ce da kwano mai murfi. Tun 1872 wani masanin tsirrai mai suna Ciesielski ya lura cewa saiwar da aka yanke wa tsini ba ta ƙara bin ƙasa, Charles Darwin da ɗansa Francis suka maimaita gwajin a littafinsu na 1880 kan motsin tsirrai. A 1966 Barrie Juniper da abokan aikinsa suka cire hular masara kaɗai, suka ga saiwar tana girma amma ba ta san ƙasa ba. Ka ɗauki saiwoyin masara miƙaƙƙu guda ashirin. Goma ka bar su yadda suke. Sauran goman, a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ka sa bakin sabuwar reza a kan layin nan da ya raba hula da jiki, ka ɗan tsaga kaɗan, sannan ka ɓalle hular gefe. Kada ka yanka kamar mai yanka albasa. Idan ka yi daidai, bakin da ya rage zai kasance a mulmule, mai santsi. Idan ya fito a shafe kamar an datse, ka haɗa da cibiya, ka jefar da wannan ka ɗauki wata. Ka kafe su duka a kwance da allura ta jikin ƙwayar masarar, a cikin kwano da aka shimfiɗa wa jiƙaƙƙiyar takarda, ka rufe ka sa a duhu. Cikin 'yan sa'o'i masu hula za su sunkuya. Marasa hula za su ci gaba da miƙewa a kwance. Bayan kamar kwana ɗaya sai su ma su fara sunkuyawa, saboda ƙwayoyin bakin sun fara tara sitaci, kuma cikin kwana uku zuwa huɗu sabuwar hula ta bayyana, wadda cibiya mai natsuwa ta farka ta haifa. Abin da ya fi ɓata wannan gwaji bushewa ne. Tsinin da aka tuɓe wa hula ba ya jure ko minti kaɗan a busasshiyar iska, balle lokacin hunturu, don haka ka riƙa ɗiga masa ruwa kana aiki.

Yanzu ga albasarka. Ka kankare busassun saiwoyin gindinta, ka ɗora ta a bakin kofi yadda gindin kawai ke taɓa ruwa, kana sauya ruwan kullum. Cikin kwana uku zuwa biyar za ka samu saiwoyi masu tsawon santimita ɗaya zuwa biyu. Waɗannan ake so, farare masu saurin girma. Waɗanda suka yi tsawo suka fara ja sun rage rabuwa. Ka yanko santimita ɗaya daga ƙarshe. Idan ba nan take za a yi aikin ba, ka ajiye su a haɗin etanol kashi uku da tsantsar asid asetik kashi ɗaya.

Sai laushi. Ka sa su a asid haidurokulorik mai ƙarfin mola ɗaya, wanda aka ɗumama zuwa digiri 60, na minti biyar zuwa takwas. Ana haɗa shi da kimanin mililita 8 na tsantsar asid a cikin mililita 92 na ruwa, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Kai za ka haɗa, ba ɗalibai ba, da tabarau a idonka. Aikin asid ɗin narkar da fektin ne don ƙwayoyi su rabu da juna su kwanta layi ɗaya. In lokacin ya gaza, saiwar za ta ƙi murƙushewa, ka ga dunƙule mai duhu da haske ba ya ratsawa. In ya zarce, ta zama kunu, kuromosom, wato ƙunsoshin DNA da ake raba wa 'ya'ya lokacin rabuwa, su ƙi shan rini. Bayan nan ka wanke su da ruwa sosai, domin ragowar asid tana hana rini kamawa.

A kan gilashi za ka ga wani ɗan yanki fari fat kamar madara dab da ƙarshe, sauran saiwar kuma garai-garai. Farin nan shi ne abin nema. Ka riƙe milimita biyu na ƙarshe, ka zubar da sauran. Kuskurenka shi ne ka ɗauki abin da bai kai rabin wannan ba, wato hular zalla. Wasu kuma kuskurensu akasin haka ne, su ɗauki dogon yanki, sai dogayen ƙwayoyin da suka riga suka miƙe su cika gilashin. Ka ɗiga rinin aseto-orsin na kamar minti goma, ko toluidin bulu na minti biyu, ka farfasa yankin da allura, ka ɗora siririn murfin gilashi. Ka sa takardar tsotse ruwa a kai ka danna da babban yatsa kai tsaye ƙasa. Kada murfin ya goce gefe ko kaɗan, gocewa tana nannaɗe ƙwayoyi ta kakkarya kuromosom.

Da ƙaramin ƙarfi ka nemi wurin da ƙwayoyi suke ƙanana, masu kusurwa huɗu, a cushe, kowace da babban ɗigo mai duhu a tsakiya, wato nukiliyas. Manya masu siffar ƙwai da ke yawo su kaɗai a gefe, na hula ne, su ka gani a baya. Sannan ka koma ƙarfin 400. Ka gaya wa ɗalibai tun da wuri cewa kusan tara cikin goma ba za a same su cikin rabuwa ba, domin rabuwar kanta ɗan guntu ne na rayuwar ƙwaya. A cikin sauran za su ga kuromosom sun jeru a tsakiya, ko an ja su gida biyu kamar yatsun hannu biyu suna fuskantar juna. Albasa tana da kuromosom 16, manya, shi ya sa ake zaɓen ta. Ka kuma ware saiwa ɗaya ɗanya wadda ba ta shiga asid ba, ka tsaga tsininta a tsaye, ka ɗiga mata ruwan aidin. Ginshiƙin hular zai yi baƙi-baƙi saboda sitaci, wurin rabuwar da ke bayansa kuma ba zai yi ba. Gilasan nan biyu gefe da gefe sun fi kowane zane a allo nuna iyakar hula.

Ilimin nan yana da amfani a gona, domin yawancin abin da ke tsayar da saiwa a wannan milimita biyun yake aukuwa. Goguwar hula ba matsala ba ce, za a mayar. Mutuwar abin da ke bayanta ita ce matsala, daga nan wannan saiwar ta gama tsawo, sai dai rassa su fito daga baya, kowane da sabuwar hularsa. Abin da ke faruwa ke nan idan an tumɓuke dashen tumatir ko barkono daga busasshiyar ƙasa: tsinin saiwoyi duk sun tsinke, shukar ta yi kwanaki a langaɓe kafin rassa su kama. Shi ya sa ake shayar da bedi sosai kafin cira, a ɗago da ƙasar jikin saiwa, a dasa da yamma.

Taki ma haka. Yuriya da aka zuba a rami ɗaya da iri tana sakin ammoniya da gishiri a daidai inda ɗanyen tsini zai fito, sai ya ƙone ya yi ruwan kasa. Tazarar kamar santimita biyar daga shuka, a binne, tana kawar da wannan. Maganin ciyawa irin su pendimetalin aikinsa hana zaren da ke jan kuromosom haɗuwa, ƙwaya ta fara rabuwa ta kasa gamawa. Idan an zarce ma'auni, ko ruwan sama ya gangarar da shi zuwa wurin iri a ƙasa mai yashi, za ka tono shukar ka ga saiwoyi gajeru masu kumburarren kai kamar kulki. A ƙasa mai tsami sosai, wadda awonta na pH ya sauka ƙasa da biyar, alminiyam yana narkewa ya kama tsinin saiwa, saiwoyin su zama guntaye masu kauri da saurin karyewa. Ƙwayoyin iyaka sukan ƙara yauƙi don su ɗaure shi, amma in ya yi yawa sai an gyara ƙasar da farar ƙasa ta noma ko toka da takin gargajiya. Inda ruwa ya kwanta kuma, tsinin ne ke fara mutuwa, domin ƙwayoyi masu rabuwa sun fi kowa cin iskar oksijin. Manomin da ya ga masararsa ta yi rawaya, ya tona da hannu ya wanke saiwar a hankali ya dubi ƙarshenta: fari mai tauri da santsi yana nufin wurin haihuwar yana aiki, ruwan kasa mai laushi yana nufin ya mutu.

Idan ɗalibi ya kawo maka kainuwa daga kududdufi ya nuna maka doguwar hular da ke ƙarshen saiwarta, wadda ake zarewa kamar safa, ka bambanta masa. Wannan kube ne sako-sako, irin na tsirran da ke yawo a kan ruwa, kuma in an zare shi ba ya komawa kamar na masara. Saiwar kainuwa a rataye take cikin ruwa, ba ƙasar da take hudawa. Don gwajin sabuntawa, masara ko dawa za ku ɗauka.